Inna a Saman Ganuwar Mamure

Anamur,
farkon watan Nuwamba.

Zuwa ga wana, Dursun Abi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, kai da Leman da yara, Ya ƙara muku rufin asiri a wannan ƙasa taku da ake fitar da rigunan zafi lokacin da mu muke neman barguna. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Maigidana Sabri yana nan yana fama da masu gonakin ayaba, waɗanda ke kiransa ya duba cutar ganye, su saurare shi da ladabi, sannan su yi abin da kakansu ya yi. 'Yarmu Selin tana Adana, ta ce karatu ya yi zafi, amma duk hoton da ta turo a bakin kogi aka ɗauke shi. Ni kuma ina nan ina koya wa 'ya'yan mutane tarihin da za su ajiye a ƙofar ɗakin jarrabawa. Ruwan farko ya sauka, baƙi masu yawon buɗe ido sun ragu, teku ya koma namu. Inna lafiyarta ƙalau, ƙugun ba ya damunta sai in ta tuna da shi.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali ga waya. A waya ba ka bari mutum ya kai ƙarshen magana, tun muna yara haka kake, kuma zaman Melbourne bai rage komai ba. Ban da haka, duk lokacin da ka kira, Inna tana manne da kafaɗata tana gyara mini zance. Maganar kuwa a kanta ce, da tafiyarta wurinka, ina kuma so ka karanta ta a zaune.

Ba sai na tuna maka yadda muka zo nan ba, amma zan tuna maka, don kada gobe ka ce ni na juya labari. Da sanyin bara ta zame a tsakar gida, ta yi rabin yini a ƙasa kafin maƙwabciyarta Dudu ta leƙo ta katanga. Dukanmu muka yarda cewa zaman kaɗaici ya ƙare, tunda Baba ya riga mu gidan gaskiya. Na ce ta dawo gidana a cikin gari. Ta dube ni kamar na ce ta shiga rawa a dandali, ta ce matar da ke da ɗa namiji a raye ba ta mutuwa a gidan suruki, ko da kuwa surukin nan Sabri ne. Sai ka nemi takardun zama, ka sayi tikitin tafiya kaɗai, muka ce za a rufe gida. Na amince. Ni na kai ta gwajin likita, ni na saya mata akwati mai taya. Na ce wannan shi ne hankali, kuma har yanzu ban ce ba hankali ba ne.

Inna ba ta yi gardama ba, abin da ya kamata ya tsorata mu tun farko. Sai kawai ta ɗaura ɗankwalinta mai fari ta fara zagayen helallik, gida-gida, tana neman yafiya kamar yadda mai tafiya aikin haji ko mai jin ajali yake yi. Ka san ba a yin wannan zagaye don tafiyar hutu. Duk wanda ta shiga gidansa ya gane cewa ba ta da niyyar sake ganin ƙauyen nan. Ni ce direbanta. Na sha shayi a wata ɗaya fiye da wanda na sha a shekarun jami'a, na ji kalmar “na yafe, duniya da lahira” daga bakin mutanen da ban san suna da abin yafewa ba. Ta raba kaji. Ta ba liman agogon bangon Baba. Kaskon ƙarfen da ta yi shekara da shekaru tana gasa gozleme a kansa, gurasar nan tamu mai haɗi a ciki, da sandar murza kwaɓi, da rumfar bakin ganuwa, duka ta miƙa wa Sevim, matar ɗan maƙwabcinmu Halit, wadda ta karɓa tana kuka da ido ɗaya tana auna rumfar da ɗayan.

Gidan Dudu ta bari kusan ƙarshe. Ka tuna rigimarsu a kan inuwar ɓauren bakin hanya, wadda ta girmi Selin. Ko ranar faɗuwar nan, Dudu ta kira motar asibiti, ta rufa wa Inna bargo, ta tallafe mata kai har aka zo, amma ba ta ce mata uffan ba, don ba a shirya ba. To, Inna ta shiga ta tsaya a tsakar ɗaki ta nemi yafiya. Dudu ta rungume ta, suka yi kukan da ya tada kare. Ta ce ta yafe, ta yafe har abada, sai dai a sani cewa inuwar tata ce. Inna ta ce ita ma ta yafe, kuma Allah Ya san wanda ya dasa ɓauren. Suka rabu suna ƙaunar juna.

A mota muna komawa na ce mata to, mun gama ke nan. Ta ce saura maƙwabci ɗaya. Na lissafa gidaje a raina ban ga wanda muka tsallake ba. Sai ta nuna da haɓa ta gilashi, ga ganuwar Mamure tsaye a wurinta, ƙafafunta cikin teku.

Abi, ka taɓa sanin cewa Inna ba ta taɓa hawa saman ganuwar nan ba? Ni ban sani ba. Amarya aka kawo ta daga kan tudu, ta buɗe taga ta ga hasumiyoyin nan, kuma tun daga ranar su take gani kafin ta ga fuskar kowa. A bakin ƙofarsu ta kafa kasko, da kaskon ta kai ni jami'a a Ankara, ta kai ka inda ka kai. Ta shiga ciki, e, zuwa masallacin tsakar fili da azumi, da kuma ranar da ta jawo ka da kunne daga gefen gwalalo kana tsokanar kunkurun ruwa. Amma sama, ko taki ɗaya. Ta ce da farko Baba ya ce ba wurin mata ba ne, daga baya kuma wa zai tsare mata wuta. Wannan ita ce matar da duk baƙon da ya tsaya a rumfarta sai ta ce masa ya hau can ƙololuwa, zai ga tsibirin Kubrus kamar a tafin hannu, ya sauko ya ci mai cuku da alayyafo. Ta tura rabin Jamus saman hasumiyar nan da Jamusancinta na bakin kasko.

Tarihin da take ba su kuwa, kai ma ka sha ji. In ɗan Konya ne mai carbi, waliyyai suka gina ta a dare ɗaya. In Bature ne, mayaƙan ƙasarsu ne, don ya ji daɗi ya ƙara faranti. In sababbin aure ne, wani sarki ya gina wa 'yarsa. Na yi shekaru ina jin wannan ina cije leɓe, ni da takardar shaidata ta tarihi. Sau ɗaya na gwada gyara mata a gaban baƙi, ta ce musu kada su damu, 'yarta ce, karatu ya yi mata yawa.

Ban taɓa gaya maka wannan ba, don ba irin maganar da muke yi ba ce. A shekarata ta biyu a jami'a, malami ya kashe fitila ya haska hoto a bango, ya ce ga ɗaya daga cikin ganuwoyin bakin teku da suka fi tsira da kamanninsu a duk gaɓar nan. Na ɗaga kai sai ga Mamure. Ga hasumiyoyin da muka yi ɓuya a cikinsu, ga dutsen da kuke tsalle daga kansa ku faɗa ruwa, ga kuma, a can kusurwar ƙasa, gefen rumfar Inna da hayaƙinta. 'Ya'yan Istanbul suna rubutawa a littafi. Ni da na zo birni ina ɓoye harshen ƙauye, na ji wuyana ya miƙe da kansa. Tun daga ranar nake kallon baƙin nan da wani ido. Ina yi musu dariya, ba na musu: amaren da ke jan farar riga a kan duwatsu mai hoto yana musu tsawa, mutanen Ankara da tambayarsu ta farko ita ce ina makewayi, tsofaffin Turawa masu jajayen gwiwoyi da ke karanta kowane allo har ƙasa. Amma na ga yadda suke yi in sun fito ta ƙofar da ke kallon ruwa. Surutu yana yankewa. Mutum ya taso daga wata uwa duniya don ya tsaya minti kaɗan a inda mu muke shanya barkono.

Muka je ranar Talata da hantsi, don Talata ba a cika samun motocin baƙi ba. Inna ta sa takalmin da na saya mata na tafiya Ostareliya, ta ce gara ya fara koyon wahala a gida. Mai tsaron ƙofa, wanda ya girma da gutsattsarin gozlementa, ya sumbaci hannunta ya kai goshi, ya ce Zekiye Teyze, wato Gwaggo Zekiye, matakalar nan ba ta tsofaffi ba ce. Ta tambaye shi ko uwarsa ta san yana kiran mata tsofaffi. Ya matsa gefe. Muka ratsa fili, ta tsaya a masallaci ta yi raka'a biyu, ta fito ta dubi ciyawar da ta tsiro a gindin bango ta ce da gidanta ne da an ga shara.

Hawan ba zan ƙawata maka shi ba. Matakalar a murɗe take, duhu, duwatsun sun yi sulɓi da tafin ƙafar mutanen da suka riga mu. Ina bayanta, hannuwana biyu a buɗe, ina tunanin abin da zan gaya maka in ta zame a hannuna ana saura makonni ta tashi. Tana hawa tana hutawa, tana leƙa 'yan ramukan harba kibiya, tana cewa wanda ya gina wannan bai taɓa ɗaukar tulu ba. Sau biyu na ce mu koma. Ta ce in na gaji in zauna, za ta same ni a hanyar saukowa.

Da muka fito sarari iska ta kusa tafiya da ɗankwalinta. Ta riƙe dutse da hannu biyu ta dubi teku. Raƙuman ruwa suna dukan gindin ganuwa can ƙasa, fari fat, ruwan kuma shuɗi har inda ido ya ƙare. Ta daɗe tana dubawa, ta kare ido da tafi, sannan ta tambaye ni ina Kubrus ɗin. Ranar akwai hazo a bakin sama, babu ko alamarsa. Na ce sai an yi ruwa iska ta wanke sama ake ganin duwatsunsa, kuma ba kullum ba. Ta ce ashe ta daɗe tana yi wa bayin Allah alkawarin abin da ba nata ba, kuma ko mutum ɗaya bai sauko ya ƙaryata ta ba. Na ce mai cin gozleme ba ya ƙaryata mai kasko.

Sai ta zauna a kan wani dutse ta ce in gaya mata na gaskiyar. Ban gane ba da farko. Ta ce tarihin, wanda aka koya mini, ba nata ba. Abi, na yi shekara ashirin da wani abu ina koyarwa, ban taɓa jin tsoron ɗalibi ba sai ranar. Na gaya mata cewa masana suna ganin Rumawa ne suka fara kafa harsashi a nan saboda 'yan fashin teku. Bayansu wuri ya yi ta sauya hannu, Rumawan gabas, Armeniyawa, Saljuƙawa, kowa ya zo ya ƙara dutse a kan na wanda ya kora. Sarakunan Karaman suka same ta a lalace suka tashe ta, daga nan sunan Mamure ya bi ta, wato wadda aka raya. Daga baya Usmaniyawa suka karɓa suka yi nasu gyaran. Na nuna mata inda aikin wani zamani ya tsaya na wani ya ɗora, don daga sama ana ganin bambancin duwatsun kamar facin riga. Ta saurara ba ta katse ni ba, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin gidanmu.

Da na gama ta tambaya ko duk waɗannan sun tafi. Na ce sun tafi. Ta ce to wa yake yi musu gurasa. Na ce littafi bai riƙe sunayensu ba, amma soja ba ya gadin hasumiya da yunwa, don haka ko shakka babu a kowane zamani akwai wata Zekiye a bakin ƙofar nan da wutarta. Ta gyara zama. Ta ce ashe karatun nan ba duka ne asara ba. Ka rubuta wannan ka ajiye, shi ne yabo mafi girma da na samu daga gare ta, kuma ba na sa ran wani.

Daga nan ta juya wa teku baya, ta koma ɓangaren tudu. Ni ban taɓa kula da wannan ɓangaren ba, baƙi ma ba sa ɗaukarsa hoto: titi ne, da rumfunan ledar ayaba suna ƙyalli har gindin duwatsu. Amma Inna ta fara nunawa da yatsa. Ga rufin gidanmu da tankin ruwan da Baba ya ɗaure da waya. Ga ɓauren. Ga dogayen bishiyoyin maƙabarta, ta ma ce tana ganin wajen da Baba yake kwance, ban yi musu ba. Ga hanyar da aka biyo da ita tana amarya, tana gangarowa daga kan tudu. Ta ce ji, duka abin bai fi a rufe shi da faranti ba, ita kuwa tana ciki tana ganin kamar duniya ce. Ba da baƙin ciki ta faɗa ba. Ta faɗa ne kamar mai duba ɗinkin da ta gama ta ga ya yi.

Sannan idonta ya sauka kan rumfa. Hayaƙi yana tashi baƙi ƙirin. Sevim ta cika wuta, ko daga sama ana ganin tana fifita da kwali, wasu baƙi biyu kuma sun tsaya sun duba sun wuce wurin mai sayar da biskit. Na ga yatsun Inna suna motsi a kan dutse kamar tana janye itace.

A nan ne ta gyara ɗankwali ta fuskance ni, na gane abin da ke zuwa. Duk zagayen nan da muka yi, ni kaɗai ce ba ta nema ba, ni kuma ban lura ba, don direba ba ya lissafa kansa. Ta kama hannuna ta ce, “Nurten, na gama da kowa, saura ke. Na dake ki, na sa ki wanke-wanke ranar jarrabawa, na fifita wanki Dursun a kanki, ke ma kin sani. Ki yafe mini haƙƙinki.”

Ka san amsar, kowa ya san ta, yaron da bai iya ɗaura takalmi ba ya san ta. Na buɗe baki in faɗa. Wallahi na buɗe. Sai na ga cewa da zarar na faɗa shi ke nan, babu sauran abin da ya riƙe ta a ƙasar nan, za ta sauka matakalar nan a matsayin matar da ta gama. Na ji bakina ya ce, “Ban yafe ba.”

Ban san wanda ya fi firgita ba tsakanina da ita. Ta saki hannuna. Ta tambaya, a hankali, wane haƙƙi ne wannan da ya fi ƙarfin yafiya. Ni kuwa ban tanadi komai ba, sai na kama abin da ke gabana, wato hayaƙin Sevim. Na ce ta koya wa 'ya'yan maƙwabta murza kwaɓi har ya yi fele-fele kamar takarda, ni kuwa duk lokacin da na matso kusa da kasko sai ta kore ni ta ce hannuna na alƙalami ne. Na ce ga ni da furfura, 'yar Zekiye mai gozleme, ina sayen na kanti a leda. Sai ta koya mini tukuna.

Ta ɗauki hannuna ta juya shi sama da ƙasa kamar mai taya kifi. Ta ce, “Wannan hannun? Ai sai shekara goma.”

Na ce, “To, shekara goma.”

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta juya ta dubi rumfar, ta ce mutum ba ya ƙetare teku ya zauna da haƙƙin wani a wuyansa, ko liman aka tambaya haka zai ce. Dole ta je ta ga jikokinta, tunda an yi alkawari, amma dole kuma ta dawo ta sauke wannan kaya, tunda Allah Ya haɗa ta da 'ya mai taurin zuciya. Tana faɗa tana ƙoƙarin haɗe fuska, fuskar tana ƙi. Saukowa ta riga ni. Ba ta tsaya ko'ina ba sai rumfa, ta zare itace biyu daga wutar Sevim ba tare da ta yi sallama ba.

Sai daga baya na gane abin da na yi mata. Inna ta daɗe da sanin ba ta son tafiyar nan ta zama ta har abada, ina jin tun ranar da aka kama kaji. Amma matar da ta zagaye ƙauye ta yi ban kwana, aka yi mata kuka, aka yanka mata akuya, ba ta da bakin cewa ta fasa. Bakin Dudu kaɗai ya ishe ta. Tana bukatar wani ya ɗauki laifin, ni kuma ga ni, 'yar boko, wadda dama an san ba ta da ta ido. Kafin la'asar labari ya gama gari. Yanzu ni ce Malamar da ta hana uwarta yafiya. A kasuwar Asabar mai zaitun ya auna mini ba tare da ya dube ni ba. Liman ya tare Sabri ya ce ya riƙa yi mini nasiha a hankali. Dudu ta daina amsa gaisuwata, wanda a wurinta alama ce ta cewa na shiga sahun manya. Inna kuwa tana bin gidajen da ta yi wa ban kwana ɗaya bayan ɗaya tana kai ƙarata, tana cewa ku ga abin da Ankara ta mayar mini da yarinya, fuskarta tana sheƙi kamar an shafa mata mai. Ta riga ta karɓo kaji biyu aro.

Ban manta da faɗuwar bara ba, kada ka ɗauka iskar sama ce ta kwashe mini hankali. Mun zauna da Sabri. Tunda ba za ta zauna a gidan suruki ba, suruki zai zauna a gidanta. In ta dawo za mu bar gidan cikin gari mu tare a ƙauye, makaranta ba nisa a mota. Ka san sunan da ake kiran namijin da ya tare gidan matarsa a nan, abokansa na wurin shayi sun riga sun fara. Ya ce ya sha jin abin da ya fi wannan daga masu ayaba, kuma aƙalla zai riƙa karyawa da abin kirki. Inna ta ce za ta duba maganar, wato ta yarda.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, Abi. Ka mayar da tikitin nan na zuwa da dawowa, ta dawo kafin baƙi su fara sauka da bazara. Na san ka gyara mata ɗaki, na san Leman ta sayi labule, na san kuma ba don kanka ka yi ba, kewarta kake yi, kuma kai ne ka yi shekaru kana cin abincin salla ba tare da ita ba. Ban raina wannan ba. Ka riƙe ta watannin nan da kyau. Ka kai ta ta ga tekunku ta kushe shi. Ka bar ta ta shiga kicin, in ba haka ba za ta rame. Yara su ji labarin sarkin da ya gina wa 'yarsa ganuwa, na gaskiyar ni zan ba su in sun zo. In ka ji haushi, ni za ka ji wa, layi ne dogo amma akwai wuri. Abu ɗaya kawai: kada ka kira ni ka haɗa ni da ita a waya ka ce in yafe mata a wuce wurin. Ranar da za ta baro ku za ta nemi taka yafiyar, ka ba ta da zuciya ɗaya. Tawa tana nan a ajiye, ba ta tafiya ta waya, sai an zo an karɓa.

An riga an fara darasi. Jiya na murza na farko, ta ɗaga shi sama ta duba, ta ce in Rumawa sun dawo za su iya ƙara shi a bango.

Ka gaishe mini da Leman da kyau, ka ce mata na gode da haƙurinta, na da da na gaba. Ka sumbaci idon Bora da na Ilgaz. Sabri yana gaishe ka, Selin tana sumbatar hannunka. Halit da iyalinsa suna gaisuwa, Sevim ma, duk da halin da take ciki. Dudu ba ta ba ni saƙo ba, amma ta faɗa wa katanga cewa a gaishe ka. Inna ta ce in rubuta cewa tana nan tafe, kuma kada a saya mata fulawa sai ta zo ta gani da idonta.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Nurten